Haikalan Atina da Baƙon da Ya Zaga Cikinsu

Yau za mu leƙa birnin Atina na ƙasar Girka, wato ƙasar Helenawa, inda manzo Bulus ya sauka wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu. Littafin Ayyukan Manzanni sura 17 ya nuna mana yadda ransa ya ɓaci saboda yawan gumakan birnin. To, me idonsa ya gani? In mun san wannan, za mu ƙara jin nauyin maganar da ya yi musu.

A tsakiyar Atina akwai wani babban dutse mai faɗin kai, ana ce da shi Akrofolis. A shekara ta 480 kafin haihuwar Almasihu, rundunar Farisa ta ci birnin, ta ƙone ɗakunan tsafin da ke bisa dutsen. Daga baya Helenawa suka kori Farisawa. A shekara ta 447, zamanin shugabansu Ferikilis, sai suka soma gina haikalin da ake kira Fartenon domin allahiyarsu Atena, wadda suke ɗauka ita ce mai tsaron birninsu. Shekara 15 aka yi kafin a gama. Da farin dutse mai sheƙi aka gina shi, wanda aka jawo daga nisan kilomita 16. Tsawonsa ya kusa mita 70, ginshiƙai 46 suna kewaye da shi, kowanne tsayinsa ya haura mita 10.

A ciki kuwa gwanin sassaƙa Fidiyas ya kafa gunkin Atena mai tsayin kusan mita 12. Cikinsa katako ne, fuska da hannuwa hauren giwa, riga kuma zinariya ce da nauyinta ya kai tan guda. Sai mu lura da abu ɗaya, 'yan'uwa: haikali a wurin Helenawa ba ɗakin taron sujada ba ne kamar namu. Gidan gunki ne. Jama'a a waje suke tsayawa, a nan ake yanka hadaya bisa bagade, allahiyar kuwa tana ɗaka tare da dukiyar gari. An yi rigar zinariyar yadda za a iya cire ta in bukata ta taso. Haka kuwa aka yi, gama wajen shekara ta 296 wani mai mulkin danniya, Lakaris, ya tuɓe ta ya biya sojojinsa. Wadda aka ce tana tsaron birni ba ta iya tsare rigarta ba.

Sa'ad da Bulus ya iso, Fartenon ya kusa shekara 500, yana nan da darajarsa. Bisa tudun da ke gefen kasuwa, inda Bulus yake muhawara da mutane kullum, ga haikalin Hefestos, gunkin maƙera. Can gaba kuma ga katafaren haikalin Zafsa, wanda aka fara tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Almasihu, ba a gama ba sai a zamanin Hadiriyan, sarkin Roma, shekara kamar 80 bayan zuwan Bulus. Duk da wannan yawa hankalin mutanen Atina bai kwanta ba. Suna tsoro kada a bar wani allah a baya ya yi fushi, don haka har wanda ba su san sunansa ba sun yi masa bagade. Wani matafiyi Bahelene, Fausaniyas, wanda ya zaga ƙasar bayan Bulus da shekara kamar 100, shi ma ya rubuta labarin irin waɗannan bagadai a bakin tekun Atina.

Da aka kai Bulus Tudun Arasa domin a ji koyarwarsa, abin ba wasa ba ne. A wannan birni ne aka yanke wa masanin nan Sokratis hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu, ɗaya daga cikin laifofin da aka ɗora masa kuwa shi ne kawo sababbin alloli. Amma Bulus bai ji tsoro ba, bai kuwa yi zagi ba. Ya riga ya zaga, ya duba, ya karanta abin da aka rubuta a kan bagadansu. Daga bagaden nan marar suna ya ɗauko maganarsa. Ya nuna musu cewa Mahaliccin duniya ya fi ƙarfin ɗakin da magina suka gina, ba ya kuwa kama da abin da maƙeri ko masassaƙi ya ƙago. Ku tuna, Tudun Arasa yana gindin Akrofolis ne. Masu sauraro in sun ɗaga kai, ga haikalin Atena a bisansu. Da ya kai ga zancen tashin matattu waɗansu suka yi masa ba'a. Kaɗan ne suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas ɗan majalisa, da wata mace, Damaris.

Ina labarin haikalin kuwa? Wajen ƙarni na 6 bayan haihuwar Almasihu aka mai da Fartenon majami'a, Kirista suka yi ta sujada a ciki shekaru aru-aru. Da Turkawa suka ci Atina a ƙarni na 15, sai ya zama masallaci. Ran 26 ga Satumba, 1687, Turkawa sun ajiye albarushi a ciki, sojojin Benis suka harba igwa, tsakiyar ginin ya tarwatse. Daga shekara ta 1801 wani Baturen Birtaniya, Elgin, ya kwashe sassaƙe-sassaƙe da yawa, har yanzu suna gidan tarihi a Landan, Girka tana neman a mayar mata. Gunkin zinariyar ya ɓace, ko ɓurɓushinsa ba a samu ba. Haikalin Zafsa mai ginshiƙai 104, guda 15 ne kaɗai suka rage a tsaye. Amma a gindin Tudun Arasa an kafa allon tagulla ɗauke da wa'azin Bulus, titin da ya bi ta kudancin Akrofolis kuwa sunan Diyonisiyas yake ɗauke da shi.

Kada mu yi saurin yi wa Helenawa dariya, jama'a. Ginin nan ya taɓa zama majami'a, wannan kuwa bai hana shi rushewa ba. Mu ma muna tara kuɗi, muna sayen siminti da kwano, muna so ɗakin sujadarmu ya fi na maƙwabta. Gini mai kyau ba laifi ba ne. Laifi shi ne mu zaci mun ajiye Allah a ciki, sai ran Lahadi mu je mu gaishe shi, sauran kwana shida mu yi abin da muka ga dama. Bulus bai kafa ko tubali ɗaya a Atina ba. Mutane kaɗan ya bari masu bangaskiya, su ne kuwa haikalin da igwa ba ta iya rushewa.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, kai da sama ba ta ishe ka ba, ka zauna cikin zukatanmu. Ka ba mu idon dubawa da bakin ladabi irin na bawanka Bulus, domin maƙwabtanmu su san ka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.