Tsibirin Santa Helena: abin da ake nuna wa baƙo da abin da tarihi ya ajiye

1. Gabatarwa

Galibin waɗanda suka yi karatun boko cikin Faransanci sun san sunan Sainte-Hélène, wato Santa Helena, ta hanyar jimla guda: a can ne Napoleon ya mutu. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna cewa wannan jimla ta rufe wani tarihi da ya fi shafar Afirka. Za mu fara da yanayin tsibirin, sa'an nan mu duba mutanen da aka kai can, kana mu kammala da abin da ake nuna wa baƙi.

2. Ƙasa da halittu

Santa Helena tsibiri ne na ƙasar Ingila a kudancin tekun Atlantika, kimanin kilomita 1,900 daga gaɓar kudu maso yammacin Afirka. Aman wutar duwatsu daga ƙarƙashin teku ne ya samar da shi, amma wutar ta mutu tun shekaru miliyoyi. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 122 ba, mazaunansa kuwa sun ɗan haura 4,400 bisa ƙidayar 2021.

Lokacin da Turawan Fotugal suka iso a 1502 ba su tarar da kowa ba, sai kurmi. Awakin da suka saki su ne suka fara cinye tsirrai, sarar itace ta ƙarasa. Wata irin bishiya da ake kira zaitun na Santa Helena ta ƙare ƙaf a 2003. Cikin tsuntsayen tudu da babu irinsu ko'ina sai nan, guda ɗaya tak ya rage: wani ɗan tsuntsu mai siraran ƙafafu kamar waya, wanda hotonsa ke bisa tambarin tsibirin.

3. Zango da kurkuku

Kamfanin Ingila mai ciniki da ƙasar Indiya ya kafa mazauni a 1659, domin jiragen ruwansa su riƙa yada zango suna ɗibar ruwa da abinci. Ya kawo bayi daga Afirka, Madagaska da Asiya, daga baya kuma leburori daga Sin. Daga wannan cuɗanya ne al'ummar yau ta fito, da irin nata karin Ingilishi.

Nisan da ya sa tsibirin ya zama zango shi ne ya mai da shi kurkuku. An kai Napoleon a 1815, ya mutu a gidan Longwood ranar 5 ga Mayu 1821. An tsare Dinuzulu, sarkin Zulu, daga 1890 zuwa 1897. Tsakanin 1900 da 1902 kuma an ajiye fursunonin yaƙi Buwa kimanin 6,000 daga Afirka ta Kudu.

4. Shekarar 1840

Abubuwa biyu sun faru a wannan shekara, kuma ya kamata a dube su tare. Na farko, an tone gawar Napoleon aka mai da ita birnin Paris. Na biyu, Ingila ta kafa kotu a tsibirin don yanke hukunci kan jiragen fataucin bayi da sojojin ruwanta ke kamawa a teku. Daga nan zuwa kusan shekaru talatin, an sauke ƴan Afirka fiye da 25,000, galibinsu daga yankin Kwango da Angola, aka tara su a wani kwari mai suna Rupert.

A takardun hukuma an kira su «ƴantattu». Amma kalmar tana buƙatar a yi hattara da ita. Kimanin 8,000 sun mutu a tsibirin saboda cuta da wahalar da suka sha cikin jiragen. Mafi yawan waɗanda suka rayu ba a mai da su gida ba: an tura su aikin ƙodago a gonakin rake na yankin Karibiyan. Kaɗan ne suka zauna, kuma harsunansu na Bantu, irin su Kikongo da Kimbundu, ba su ɗore ba. Yau Ingilishi kaɗai ake yi a tsibirin.

A 2008, lokacin share fagen gina hanyar filin jirgin sama, masu binciken kufai suka haƙo ƙasusuwan mutum 325 a kwarin, da yawansu yara. Ƙasusuwan sun yi shekara 14 a ajiye kafin a sake binne su a watan Agusta 2022.

5. Abin da baƙo ke gani

A da, sai an yi kwana biyar cikin jirgin ruwa daga Cape Town. Tun Oktoba 2017 jirgin sama na fasinja yana sauka daga Afirka ta Kudu. Baƙo yakan hau matakala 699 da ta tashi daga Jamestown, babban garin tsibirin. Yakan ji labarin Jonathan, kunkurun da aka kawo a 1882 kuma aka yi bikin cikarsa shekara 190 a 2022. Amma abin da ya fi suna shi ne gidan Longwood da kabarin Napoleon, waɗanda Faransa ta saya a 1858 take kuma kula da su har yau. Kabarin nan babu kowa a ciki tun 1840. A kwarin Rupert kuwa, inda dubban mutane ke kwance, an daɗe da gina tashar lantarki da rumbunan man fetur.

6. Kammalawa

Ba muna cewa a daina koyar da labarin Napoleon ba ne. Abin da muke jan hankali a kai shi ne, abin da ake tunawa da wuri ya danganta da wanda ke da ƙasar da ta tsaya masa: Napoleon yana da Faransa, mutanen Rupert ba su da kowa. Muna ganin wajibi ne malaman tarihi da na harshe a jami'o'in Afirka su sa wannan kwari cikin darussansu, ta yadda ɗalibi zai ji sunan Santa Helena ya tuna da 1840 kamar yadda yake tuna 1821.