Inuwar Zawali da Sanyin Alkama: Koyar da Tasirin Latitud a Kan Zafi ta Haɗin Gwiwar Makarantu a Yankin Kura da Bunkure

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙa'idar da ake karantar wa ɗaliban labarin ƙasa, cewa gwargwadon nisan gari da ikwaita gwargwadon sanyinsa, ta auna ta da yanayin yankin noman rani na Kura da Bunkure. Ta dogara da lissafin kusurwar rana da abin da aka sani na yanayin garuruwa biyar. Abin da ta gano shi ne, a tsakanin Legas da Agadas latitud, wato nisan gari da ikwaita, ba ya bayyana sosai a matsakaicin zafin shekara. Inda yake fitowa fili shi ne tsawon inuwa da tazarar da ke tsakanin hunturu da bazara, kuma makaranta ɗaya ba za ta iya nuna wannan ita kaɗai ba.

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Kura, ya sha ranar watan Afrilu, ba zai yarda da malamin da ya ce masa Legas ta fi garinsu zafi don ta fi kusa da ikwaita ba. Zai haddace saboda jarrabawa, amma jikinsa ya gaya masa akasin haka. Ƙa'idar daidai take idan Najeriya ake kwatantawa da Ingila. A cikin yankin zafi kuwa, gajimare da laima da tudu da kusancin teku sukan danne ta.

Tunanin haɗa wurare biyu don gane abin da wuri ɗaya ba zai nuna ba tsoho ne. Wajen shekara ta 240 kafin Miladiyya, Eratosthenes ya kwatanta inuwar tsakar rana a Iskandariyya da ta Aswan ya ƙiyasta kewayen duniya. Shirin GLOBE, wanda aka fara a 1995, ya ɗora makarantun ƙasashe da yawa a kan wannan turba ta awo da musayar sakamako.

Yankin bincike

Kura da Bunkure suna cikin shirin noman rani na kogin Kano, wanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Yankin yana wajen digiri 11.7 arewa da ikwaita, bisa tudun da ya kai kimanin mita 500. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Nan ake noma shinkafa da tumatir da albasa da alkama.

Alkamar ce ta fi dacewa da darasinmu. Manomi a nan ya san ita amfanin sanyi ce: daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake son shuka ta, don ta fitar da kai ta cika ido kafin zafin Maris ya sauko. Wanda ya makara, ƙwayarsa ta tsumbure. Ɗan manomin da ya ji mahaifinsa yana cewa sanyi ya kusa wucewa ya riga ya riƙe rabin darasin. Abin da ya rage shi ne ya gane dalilin da ya sa ake samun wannan sanyi a Kura ba a samunsa a Legas.

Hanyar bincike da sakamakon lissafi

An zaɓi garuruwa a jere daga kudu zuwa arewa: Legas a digiri 6.5, Jos 9.9, Kura 11.8, Maraɗi 13.5, Agadas 17. Digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne. An lissafa inuwar sanda mai tsawon mita ɗaya a ranar 21 ga Disamba, lokacin da rana take kan digiri 23.4 kudu da ikwaita. A Legas inuwar santimita 57 ce, a Jos 66, a Kura 70, a Maraɗi 75, a Agadas 85. Jerin bai karye ko'ina ba, kuma tef ɗin tela ya isa ya nuna shi. Doguwar inuwa tana nufin rana ta karkata, haskenta ya bazu a fili mai faɗi, ƙarfinsa ya ragu.

Lokacin awon shi ne zawali, sa'ad da inuwa ta gama raguwa za ta fara ƙaruwa. Ɗalibanmu sun san wannan daga karatun fiƙihu a babin lokutan salla, kuma asara ce malamin labarin ƙasa ya wuce wannan sani bai taɓa shi ba. Zawali ba ya faɗawa kan sha biyun agogo: a Disamba yana zuwa wajen 12:25 a Kura, wajen 12:45 a Legas, domin Legas ta fi yamma. Idan makarantu suka yi awo da agogo ɗaya, sakamakon zai gurɓace.

Tattaunawa

Da aka koma kan zafi sai jerin ya wargaje. Matsakaicin zafin shekara na Legas da na Kano duk suna wajen digiri 26 zuwa 27. Jos, wadda ta fi Kura kusa da ikwaita, ta fi ta sanyi nesa ba kusa ba, saboda tana bisa tudun kimanin mita 1,200, iska kuma tana rage zafi wajen digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Bambancin da ke bin arewa shi ne faɗin tazara. A Legas watan da ya fi zafi da wanda ya fi sanyi ba su wuce digiri uku zuwa huɗu tsakaninsu ba. A ƙasar Kano asubahin Janairu yakan sauka wajen digiri 13, azahar ɗin Afrilu ta haura 38.

Ko wannan tazarar ba latitud kaɗai ya haifar da ita ba, kuma wajibi ne a gaya wa ɗalibai haka. Busasshiyar iskar hunturu daga Sahara tana barin zafin ƙasa ya tsere da dare, teku kuma yana daidaita zafin Legas. Hujja mafi ƙarfi tana cikin Kura kanta. Sau biyu a shekara rana take tsayawa tsakar ka a nan, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta, har sandar ta kusa rasa inuwa. Kusurwa ɗaya ce, amma Afrilu ne tsananin bazara, a Agusta kuwa zafin rana yana tsayawa wajen digiri 30 saboda gajimare da ruwan sama. Tsakanin ranakun nan biyu inuwar zawali kudu take faɗawa, sauran shekara arewa.

Haɗa makarantar Kura da ta Bunkure yana da nasa aikin dabam. Tazarar latitud a tsakaninsu ba ta kai rubu'in digiri ba, don haka duk bambancin da aka samu ba daga can ya zo ba. Idan ɗaya ta rataye ma'aunin zafinta kusa da kanal da gonakin da ake ba ruwa, ɗayar ta sa nata a busasshen fili, ɗalibai za su auna tasirin ruwa da ganye a ware. Wannan ne awon da za a riƙa gwada na makarantun nesa da shi.

Sharuɗɗan aiwatarwa

Ma'aunan zafi su zama iri ɗaya, a gwada su wuri guda kafin a raba. A rataye kowanne a inuwa mai iska, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da rufin kwano da bangon da ya sha rana. A karanta sau biyu, da sassafe da wajen ƙarfe uku, tun da zafi yana kai ƙololuwa ne bayan zawali. Sakamako ta WhatsApp zai iya tafiya, ɗalibai su zana jadawalin da hannunsu.

Babban cikas kalandar makaranta ce, domin 21 ga Disamba da 22 ga Agusta sukan faɗa cikin hutu. Makon farko na Disamba zai maye gurbin na farko, inuwar ba za ta bambanta da fiye da santimita huɗu ko biyar ba. Na Agusta kuma sai ɗalibai su auna inuwar a gida, a nemi alƙaluman zafi daga tashar hukumar kula da yanayi ta NiMet ta filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Haɗin gwiwa da Maraɗi da Agadas ba ya buƙatar tafinta, domin da Hausa ɗaliban za su rubuta wa juna.