Manhajar lissafin lokacin aiki a majami'u

Manhajar lissafin lokacin aiki wata manhaja ce ta kwamfuta ko ta wayar hannu da ke rubuta lokacin da ma'aikaci ya kama aiki da lokacin da ya tashi, ta tara awanninsa, sannan ta miƙa su ga mai shirya albashi. Majami'u na amfani da ita wajen lissafa aikin sakatarori, masu shara, masu gadi, makaɗa, da masu renon yara. An fi samunta a ƙasashen da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ajiye bayanan awanni, kamar Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai. Abin da ya bambanta majami'a da kamfani a nan shi ne mutane iri uku ne ke hidima a cikinta: limamai, ma'aikata masu albashi, da 'yan aikin sa-kai, kuma sau da yawa mutum ɗaya yakan faɗa cikin biyu.

Tarihi

Asalinta agogon kati ne. Willard Bundy, wani mai sana'ar kayan ado a garin Auburn na jihar New York, ya samu takardar mallakar fasahar agogon ma'aikata a 1888, ɗan'uwansa Harlow kuma ya kafa kamfanin ƙera shi. Daga baya harkar ta shiga cikin haɗakar kamfanoni ta 1911 wadda aka sauya wa suna zuwa IBM a 1924. Kamfanin Kronos, wanda aka kafa a 1977, na cikin waɗanda suka haɗa agogon da kwamfuta. A yau yawancin manhajojin a intanet suke.

Yadda take aiki

Ma'aikaci yakan sa hannu da lambar sirri, ko kati, ko dangwala yatsa, ko nuna fuska ga kyamara. Wasu manhajojin ba sa karɓar sa hannu sai wayar na cikin harabar wurin aiki, don kada wani ya sa wa abokinsa hannu. Abin da ya fi amfani ga majami'a shi ne raba awanni bisa irin aiki. Mace ɗaya na iya zama sakatariya daga Litinin zuwa Alhamis, ta kuma kaɗa piyano ranar Lahadi a kan wani farashi daban. Manhajar takan rubuta kowane aiki a gurbinsa, amma ta haɗa su wajen lissafin ƙarin lokaci.

Dokar Amurka

Dokar ƙa'idojin ƙwadago ta 1938, wadda aka fi sani da FLSA, ita ce ta kafa mafi ƙarancin albashi da biyan ƙarin lokaci. Tun 1940 iyakar mako awa 40 ce, kuma duk awar da ta haura haka ana biyan ta kuɗin awa ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. Dole a ajiye bayanan albashi na shekara 3, katunan lokaci kuma na shekara 2.

Dokar ba ta hau kan kowace majami'a kai tsaye ba, amma ta hau kan makarantu, azuzuwan renon yara da asibitoci ko da ba don riba aka kafa su ba, haka kuma kan ma'aikacin da aikinsa ke tsallaka iyakar jiha a kai a kai, ta waya ko ta wasiƙa. Majami'ar da ta ƙi ajiye bayanai kanta ta cuta. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1946 a shari'ar kamfanin tukwane na Mt. Clemens, idan mai ɗaukar aiki ba shi da rubutaccen lissafi, kotu na iya karɓar ƙiyasin ma'aikaci matuƙar ya yi ma'ana. Ana iya bin bashin albashi na shekara 2, ko 3 idan da gangan aka yi, kuma a ninka shi.

Wa ake ƙirga wa awa?

Nan ne gizo ke saƙa, domin manhaja ba ta yanke wannan hukunci. Kotunan Amurka sun daɗe da keɓe limamai daga dokokin ƙwadago, saboda kundin tsarin mulki ya hana gwamnati tsoma baki a zaɓen masu jagorantar addini. Kalmar "limami" a nan ta fi faɗin yadda Bahaushe ke amfani da ita, ta ma fi "fasto" faɗi, domin ta haɗa da duk wanda aikinsa isar da koyarwar addini ne.

An ga haka a shari'ar Hosanna-Tabor ta 2012. Cheryl Perich malama ce a makarantar majami'ar Lutheran a jihar Michigan, tana koyar da darussan boko, ayyukanta na addini kuma ba su wuce minti 45 a rana ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta dogara da wannan lissafi, tare da wasu dalilai, ta ce ita ba limamiya ba ce. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, kuma Babban Joji John Roberts ya bayyana cewa ba batu ne da za a warware da agogon ƙirga mintuna ba. A 2020 kotun ta faɗaɗa wannan ga malaman makarantun Katolika biyu a California. Shari'o'in biyu kan sallama daga aiki ne, amma ƙananan kotuna sun yi aiki da ƙa'idar a kan albashi ma: a 2008 wasu limaman Salvation Army sun nemi mafi ƙarancin albashi a kotu, suka sha kaye.

Batun 'yan sa-kai ya fi sarƙaƙiya. Gidauniyar Tony da Susan Alamo tana da gidajen mai, shagunan tufafi da gonakin aladu, kuma masu yi mata aiki, yawancinsu tsofaffin 'yan ƙwaya da marasa galihu, abinci da sutura da makwanci suke samu. Su da bakinsu suka ce don Allah suke yi, ba sa neman lada a wurin kowa. Duk da haka a 1985 Kotun Ƙoli ta ce ma'aikata ne, tunda rayuwarsu ta dogara ga gidauniyar. Ma'aikatar ƙwadago kuma na ganin cewa mai albashi ba zai yi wa wurin aikinsa irin aikin da ake biyansa a kai kyauta ba. Ke nan mai sharar da ya tsaya bayan sujada ya kwashe kujeru, awanninsa na aiki ne ko da bai nemi a biya shi ba. Yana iya shiga ƙungiyar mawaƙa a matsayinsa na ɗan majami'a, wannan kuwa ba a ƙirga shi.

Turai

A ranar 14 ga Mayu 2019, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta CCOO ta Sifen ta shigar da Deutsche Bank, cewa dole ƙasashe su wajabta tsarin auna awannin aiki na kullum. Kotun ƙwadago ta tarayyar Jamus ta tabbatar da wajibcin a Satumba 2022. Wannan babban abu ne a Jamus, inda Caritas ta Katolika da Diakonie ta Furotesta ke ɗauke da dubban ɗaruruwan ma'aikata a asibitoci, gidajen tsofaffi da wuraren renon yara.

Suka da haɗari

Wasu ma'aikatan majami'a na ganin sa hannu a na'ura ya mayar da hidima kamar aikin masana'anta. Hujjar tana da rauni idan aka lura cewa masu ƙaramin albashi ne suka fi asara inda ba a lissafi.

Haɗarin da ya fi girma na bayanan jiki ne, domin ana canza lambar sirri amma ba a canza zanen yatsa. Jihar Illinois ta yi doka a 2008 da ta wajabta rubutaccen izini kafin a ɗauki zanen yatsa ko hoton fuska, da diyyar dala 1,000 kan sakaci ko dala 5,000 kan ganganci, kuma yawancin ƙararrakin da suka biyo baya kan agogon ma'aikata ne. A Najeriya ma dokar kare bayanai ta 2023 ta sanya irin waɗannan cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. A Disamba 2021, masu kutse sun kulle rumbun Kronos suna neman kuɗin fansa. An shafe makonni kafin ya dawo, asibitoci da hukumomi da dama suka koma rubuta awanni a takarda, wasu ma'aikatan kuma aka biya su ƙasa da haƙƙinsu ana dab da Kirsimeti.