Fayil ɗaya, hannu biyu: daga Sakatariyar Kaduna zuwa cikin kwamfuta

A shekarar 1917 ne Turawan mulkin mallaka suka dawo da hedikwatar Lardunan Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, a arewacin kogin, suka taho da tarin fayilolinsu. Da yawa daga cikinsu suna nan a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna. Wanda ya buɗe ɗaya zai tarar da bayanan jami'ai a jere, kowa da sa hannunsa da kwanan wata, na baya yana amsa na gabansa.

Ƙa'idar ofis ce ta jera su haka. Fayil ɗaya ne, a kan tebur ɗaya yake kwana. Akawun rajista yana rubuta wanda ya karɓa, masinja ya kai, sauran jami'ai su jira. Don haka ba yadda za a yi mutum biyu su yi rubutu a shafi guda lokaci guda. Illarsa ita ce jinkiri: idan fayil ya maƙale a teburin wani, maganar fili ko ta fansho ta tsaya ke nan.

Da kwamfuta ta zo, sai jiran ya ragu, wata matsala kuma ta kunno kai. A ce manhajoji biyu sun karanta fayil mai nuna naira 100. Ta farko ta ƙara 50 ta rubuta 150, ta biyu ta cire 20 ta rubuta 80. Lissafin gaskiya 130 ne, amma 80 za a tarar, kuma babu wata alama da za ta nuna an yi ɓatan kai.

A 1965 Edsger Dijkstra, masani ɗan ƙasar Holan, ya wallafa hanyar da manhajoji za su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. A 1971 Courtois da Heymans da Parnas suka sassauta dokar: masu karatu suna iya taruwa komai yawansu, amma mai rubutu sai shi kaɗai. Wato aikin akawun rajista ne aka mayar makulli a cikin na'ura.

Tabbatar da cewa makullin yana riƙewa shi ne abu mai wuya, domin kuskuren yakan ɓuya, sai sa'ad da ayyuka biyu suka yi kiciɓis cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa masu gina tsarin ajiyar fayil na Linux suke amfani da xfstests, jerin gwaje-gwajen da ya samo asali daga kamfanin SGI. Akan saki manhajoji da yawa su yi ta karatu da rubutu da sharewa na tsawon sa'o'i, sannan a gwada abin da ke cikin fayil da abin da ya kamata a samu. Gwajin da ya wuce lafiya sau dubu yana iya faɗuwa a na dubu da ɗaya, don haka duk gyaran da aka yi wa tsarin sai an sake gwadawa daga farko.