Ibro a Matsayin Magajin Ɗankama: Nazari a kan Rabilu Musa Ɗanlasan

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu fayyace kalmomi uku. Barkwanci shi ne magana ko aiki da ake shiryawa da gangan domin a ba mutane dariya. Ɗankama kuwa shi ne mai wasan gargajiya da ke yawo kasuwanni da gidajen biki, yana ɗaukar muryar malami ko ta mawaƙin fada, ya juya zancen ya koma kan tuwo da miya. Camama kuma suna ne da 'yan fim na Kano suka laƙaba wa finafinan ban dariya masu ƙaramin jari, waɗanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki, galibi a ƙauye. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, marigayi Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro, sana'ar ɗankama ya ɗauko ya shigar da ita cikin kaset.

An haife shi a shekarar 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Ya yi aikin gandiroba, wato mai tsaron gidan yari, na kimanin shekara takwas kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo. Wannan ya tuna mana da Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya zama Samanja a wasan kwaikwayo. Dukansu biyu sun san zaman bariki daga ciki, shi ya sa idan suka kwaikwayi mai kaki ba a ganin ƙari.

Muna iya kasa wasanninsa gida biyu. Kashi na farko shi ne na baƙauye mai wayo, wanda ake raina wa hankali amma shi ke cin riba a ƙarshe, ko kuma wayon nasa ya ci shi. A nan ne ya fi kama zukatan mutanen karkara. Manomi a Kiru ko Bebeji, ko ɗan kasuwar hatsi a Tudun Wada da Doguwa, idan ya zauna gidan kallo da dare, ba ya ganin kansa a finafinan soyayya masu falo da motoci. A wajen Ibro yake jin karin harshensa, ya ga zaure da rumbu irin nasa.

Kashi na biyu shi ne ya fi nuna gadon kamanci, wato kwaikwayon mashahuran duniya. A Ibro Awilo ya ɗauki siffar mawaƙin Kongo Awilo Longomba, sannan a Ibro Usama na 2002 da Ibro Saddam na 2003 ya taɓo sunayen da suka cika gidajen rediyo a lokacin. Dabarar iri ɗaya ce da ta ɗankama: a ɗauko abin da mutane ke jin nauyinsa, a sauko da shi tsakar gida, har ya zama abin da yaro zai iya yi wa dariya. A ganinmu wannan fasaha ce ta gaske, ko da yake saurin ɗauka da ƙarancin kuɗi sun sa yawancin labaran ba su da tsari mai ƙarfi, jikinsa da muryarsa ne ke riƙe su.

Sai dai ɗankama na da kariyar al'ada, domin kowa ya san wasa yake yi. Kaset bai samu wannan kariya ba. A shekarar 2008, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotu ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu bisa zargin rawar da ba ta dace ba a fim ɗin Ibro Aloko, da kuma rashin rajistar kamfani. Bayan ya fito ya ci gaba da sana'arsa.

Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da ciwon ƙoda, aka binne shi a mahaifarsa Ɗanlasan. Allah ya jiƙansa da rahama. Muna kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da su tattara kaset-kaset ɗinsa su adana tun kafin su lalace.