Minjirya, Hanji da Aikin Edith Bülbring

Duk wanda ya taɓa shiga jirgi da Sarkawan Yauri, ko ya tsaya bakin ruwa a Wara ta ƙasar Ngaski sa'ad da masunta ke jan taru, ya san kifin nan da a ke kira minjirya. Ba shi da ƙaya a baya, ba shi da ɓawo, jikinsa tuɓus-tuɓus kamar ba zai iya cutar kowa ba. Amma in yaro ya yi garaje ya kai masa hannu, nan take sai ya ji an fizge shi har kafaɗa, hannun ya mutu na ɗan lokaci. Larabawa sun ba shi suna ra'ad, watau tsawa. Masana sun auna, sun ga babbar minjirya ta kan saki lantarki mai ƙarfin bolt 350, alhali wutar da ke shiga gidaje ba ta wuce wajen 230 ba. Ashe tun kafin a gama madatsar Kainji cikin 1968, akwai lantarki a Kogin Kwara.

Abin mamaki kuwa shi ne, irin wannan lantarki yana jikin kowane mai rai, har shi kansa masuncin. Wani likita na ƙasar Italiya, Luigi Galvani, ya bayyana cikin 1791 cewa lantarki yana sa ƙafar mataccen kwaɗo ta harba. Daga nan masana suka duƙufa. Cikin 1857 har minjirya masu rai aka ɗauka daga Kalaba aka kai wa wani malami a Barlin, Emil du Bois-Reymond, don ya auna ƙarfinsu. A hankali aka tabbata cewa duk tsokar da za ta motsa, sai wata 'yar wuta ta gilma cikinta tukuna.

To, amma tsoka iri-iri ce, kowane mahauci kuwa ya san haka. Akwai jan nama na cinya da ƙwauri, wanda mutum ke motsawa da nufinsa. Akwai kuma fatsi-fatsin nama mai santsi da ke jikin tumbi da hanji da mafitsara da mahaifa da hanyoyin jini. Wannan ba ya jiran umurnin mai shi. Mutum ya ci tuwo ya kwanta ya yi ta barci, hanjinsa na nan yana matsawa yana saki, yana tura abinci gaba. Ko an yanka akuya an fede ta, a kan ga hanjin yana 'yar murɗawa shi kaɗai. Me ke motsa shi? Cikin 1922 wani likita a Amurka, Walter Alvarez, ya manna wayoyi a cikin wata mata ramammiya, ya ga alamar lantarki tana tashi daga tumbinta sau uku kowane minti. Amma daga waje ya ji ta, kamar mai jin kiɗa daga bayan ganuwa. Wadda ta shiga ciki ta ga makaɗan, ita ce Edith Bülbring.

An haife ta a Bonn ta ƙasar Jamus cikin 1903. Ubanta malamin Turanci ne a jami'a, uwarta 'yar ƙasar Holan ce, asalinta Bayahudiya. Ta karanta likitanci, sa'an nan ta zauna wajen wani masanin magunguna a Barlin, Paul Trendelenburg, wanda tun 1917 ya nuna cewa in aka yanko guntun hanji aka cika shi da ruwa, sai ya shiga turawa da kansa. Da Hitila ya hau mulki cikin 1933, sai aka sallame ta daga asibitin da ta ke aiki, ba don wani laifi ba sai don dangin uwarta. Ta ƙetare zuwa Ingila tana da shekara kamar talatin, ba aiki, ba muƙami. Wani malami, J. H. Burn, ya ɗauke ta mataimakiya a London, da ya koma Jami'ar Oxford kuma ta bi shi. Ta yi shekaru fiye da goma sha biyar tana taya shi binciken da ya zaɓa. Sai wajen 1950, ta kusa hamsin, sa'an nan ta kama nata.

Abin da ta zaɓa kuwa, masana da yawa sun guje shi. Ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jan nama dogaye ne, masu kauri, suna kwance shiru sai an zuga su. Na hanji ƙanana ne ƙwarai, faɗin ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba, ga shi kuma ba su tsayawa wuri ɗaya. Mai son auna lantarkin ƙwaya ɗaya, dole ya soka mata wani tsinken gilas mai rami, wanda bakinsa ya fi ƙarfin ido, ya cika shi da ruwan gishiri, ya haɗa shi da na'ura. Da ƙwayar ta motsa sai tsinken ya fice ko ya karye, a sake wani. Aiki ne na mai haƙuri, irin haƙurin mai ɗinkin koma.

Dabarar da ta yi ita ce zaɓen nama. A jikin babban hanjin ɓeran Masar akwai wani siririn zare na tsoka da ke bin tsawonsa, ƙwayoyinsa duk sun fuskanci gefe ɗaya. Ta kan ɓare shi, ta sa cikin ruwan gishiri mai ɗumin jiki, ta ɗaura gefe guda ga ma'aunin ja, sa'an nan ta soka tsinken. Cikin 1954 ta buga labarin abin da ta gani. Kowace ƙwaya tana riƙe da lantarki tsakanin cikinta da wajenta, wajen kashi ɗaya cikin ashirin na bolt. Sai an tara talatin kafin a yi ƙarfin batirin tocila ɗaya. Wannan ɗan lantarki ba ya zama daidai: ya kan harba, ya koma, ya sake harbawa, ba tare da wata jijiya ta ce masa kome ba. Kowace harbawa tana jawo 'yar matsa. In harbawar ta yi yawa kusa da kusa, naman ya ɗaure. In ta lafa, ya saki.

Ta kuma gano cewa in aka ja zaren aka miƙe shi, harbawar ta kan ƙaru. Ga dalilin da ya sa hanji ke ƙara himma in abinci ya cika shi. Ta ɗiga masa sinadarin da jijiyoyin ciki ke fitarwa, asetilkolin, harbawa ta ƙaru. Ta ɗiga adirenalin, wanda jiki ke saki lokacin tsoro, harbawar ta tsaya cik, naman ya kwanta. Daga baya ita da almajiranta suka yi ta sauya gishirin ruwan, su rage wannan su ƙara wancan. Nan suka ga abin da ba a zata ba. A jijiya da jan nama, sinadarin gishirin miya ne ke kutsawa cikin ƙwaya ya kawo harbawa. A tsokar hanji kuwa, kalshiyam ne, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da alli.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan malamai ne da ɓeraye. Waɗansu magungunan hawan jini da a ke bayarwa a asibitoci aikinsu ke nan: su toshe ƙofar da kalshiyam ke shiga, tsokar hanyar jini ta saki, jini ya sami wurin wucewa. Haka kuma yaron da zawo ya daɗe yana ci, wani lokaci a kan ga cikinsa ya kumbura, ya yi shiru, ba ƙugi. Sau da yawa dalilin shi ne wani gishiri, fotashiyam, ya zube tare da zawon, lantarkin hanji ya rikice, hanjin ya daina turawa. Shi ya sa a ke zuba shi cikin ƙunshin gishiri da sukari da a ke dama wa yara, shi ya sa kuma a ke cewa a ba su ayaba. Wanda aka yi wa aikin ciki ma, likita ya kan kasa kunne ya ji ko hanji ya farka, ya tambaya ko iska ta fita, don ya san an wuce wuri mai haɗari.

Ba ita ta warware kome duka ba. Abin da ke ba tumbi lokacinsa na sau uku a minti, da farkon hanji nasa na wajen sau goma sha biyu, ya zo a hannun waɗansu. Wani masani ɗan Denmak, Lars Thuneberg, ya ce cikin 1982 waɗansu ƙwayoyi ne na dabam da ke tsakanin tsokar, waɗanda Ramón y Cajal na Sifen ya zana tun 1893, bincike na baya kuma ya gaskata shi. Amma yawancin waɗanda suka ci gaba da wannan fanni ta ɗakinta suka bi, irin su Mollie Holman ta Ostiraliya, da Geoffrey Burnstock, da Hirosi Kuriyama da Tadao Tomita na Japan. An zaɓe ta cikin babbar ƙungiyar masana ta Ingila cikin 1958, lokacin da matan da ke ciki ba su da yawa. Ba a ba ta kujerar farfesa ba sai 1967, saura shekara huɗu ta bar aiki. Ta rasu a Oxford cikin 1990.

Shekara uku kafin rasuwarta, cikin 1987, wani masanin kifi na Nijeriya, V. O. Sagua, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken Tafkin Kainji da ke Sabuwar Busa, ya nuna cewa minjiryar tafkin ba iri ɗaya ba ce, akwai wadda ba a taɓa rubutawa a littattafan masana ba. Da ya zo raɗa mata suna, sai ya ɗauki na bakin masunta. Har yau sunanta a littattafan duniya Malapterurus minjiriya.