Diyyar Rubu'in Kwabo: Yadda Shari'ar Ɓata Suna Ta Kayar da Manyan Sukuwar Ingila

Duk inda masoya sukuwa suka taru, ba a rasa lauyoyin bakin fili. Da zarar dokin da aka sa wa rai ya zo na baya, wani zai ce mahayin ne ya ja linzami da gangan. Wani ya ce tun da gaskiya ce, a faɗa babu abin da zai faru. Na uku kuma ya ba wanda aka zarga shawarar ya garzaya kotu ya wanke sunansa. Tarihin sukuwar Ingila ya nuna cewa kowace daga cikin shawarwarin nan biyu tana iya kai mutum ta baro.

A watan Disamba na 1887, Lord Durham ya yi jawabi a liyafar shekara-shekara ta ƙungiyar Gimcrack da ke birnin York. Ya koka da wani bargar dawaki a Newmarket, inda doki zai yi nasara yau, gobe kuma ya kasa kataɓus ba tare da dalili ba. Bai kama suna ba, amma kowa ya gane inda ya dosa: Sir George Chetwynd, babban ɗan ƙungiyar Jockey Club mai iko da harkar sukuwa, da mai horar masa da dawaki Richard Sherrard, da Charles Wood, zakaran mahaya na wannan shekara. Darasi na farko ke nan: ƙin ambaton suna ba garkuwa ba ne, muddin masu sauraro sun gane wanda ake nufi.

Zargin ba ƙarami ba ne, domin caca ce ke juya harkar. Idan aka danne doki sau biyu ko uku, masu caca za su raina shi. Ranar da aka sake shi ya yi nasara, waɗanda suka san sirrin su kwashe kuɗi mai yawa daga aljihun jama'a.

Wood ne ya fara zuwa kotu. Wata jarida mai suna Licensed Victuallers' Gazette ta rubuta cewa ya danne wani doki mai suna Success, shi kuma ya nemi diyyar fam 5,000. A 1888 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi gaskiya, amma diyyar da suka yanka masa farthing guda ce, wato rubu'in kwabo. Ma'anar hukuncin a fili take: jaridar ta kasa tabbatar da abin da ta faɗa, amma darajar sunan da ake cewa an ɓata ba ta wuce hakan ba.

Chetwynd bai ɗauki darasi ba. Ya nemi fam 20,000 daga Durham, aka miƙa rigimar ga shugabannin Jockey Club uku su yi alƙalanci a 1889. Nan aka tono hulɗar kuɗi da ta mallakar dawaki tsakaninsa da mahayinsa, alhali ƙa'ida ta hana mahayi mallakar dokin sukuwa. Shi ma farthing guda aka ba shi, sai ya ajiye kujerarsa a ƙungiyar. Wood kuwa ya shafe shekaru ba shi da lasisi, sai a 1897 ya dawo ya ci gasar Derby a kan Galtee More. Kaza ta tono wuƙar yanka kanta.

Kada a ɗauka mai zargi ne kullum ke tsira. A 1998 jaridar Sporting Life ta sha kaye a hannun mahayi Kieren Fallon da mai horarwa Lynda Ramsden da mijinta Jack, saboda ta zarge su da danne dokin Top Cees kafin ya ci Kofin Chester a 1995. An yanke mata biyan fam 195,000. Sannan a 2007 shari'ar da aka yi wa Fallon a kotun Old Bailey kan haɗa baki don cutar masu caca ta rushe saboda rashin hujja. Abin da ɗan kallo ya rantse ya gani da idonsa daban, abin da kotu za ta karɓa daban.

Akwai kuma fuskar laifi. A zamanin Durham, rubutaccen ɓata suna na iya kai mutum kurkuku, kuma a ƙarƙashin dokar 1843 gaskiya kaɗai ba ta wadatar ba, sai an nuna cewa bayyana ta ya amfani jama'a. Ingila ta soke wannan laifi a 2010. A Arewacin Najeriya kuwa, sashe na 392 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga mai ɓata suna.

Saboda haka mai zargi ya auna hujjarsa kafin ya buɗe baki, wanda aka zarga kuma ya leƙa ɗakinsa kafin ya kira alƙali, domin idan aka fara tono, har ƙarƙashin gadon mai ƙara ake dubawa.